Wat Ɗari da Tamanin a Kwarin Tarka

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna jiran salulolinku su cika, ina jin duk abin da kuke faɗi. Wai aikin Malam Isufu ba aiki ba ne: a soka waya a bango, a koma a sha shayi. Jiya ma wani a cikinku ya ce in an ba shi tebur da turnabis na kwance sukurori, sati guda ya ishe shi ya ƙwace mini kasuwa. To, ku matso. Tunda kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, babu abin da zai cika yanzu, bari in ba ku labari.

Ni da rediyo na fara. Ina ɗan shekara goma sha biyar mahaifina ya ɗauke ni daga nan Tanut ta ƙasar Damargu ya kai ni Damagaram, ya damƙa ni a hannun Baba Lawali mai gyaran rediyo, wani dattijo siriri mai tabarau ɗaure da zare. Shekarar farko ko taɓa ƙarfen dalma na liƙa wayoyi ban yi ba. Aikina in hura ƙura daga cikin akwatuna, in ware sukurori manya da ƙanana, in karanta masa ƙananan rubuce-rubucen da idonsa ya daina gani.

Aikin farko da na yi da hannuna rediyon wani mahauci ne, mai cin batir shida. Baba Lawali ya tafi jana'iza, mahaucin kuwa yana tsaye a kaina yana son jin labarun rana. Na gano wayar da ta tsinke, na haɗa ta tsaf. Da na zo gwaji babu ƙananan batura a shagon, sai batirin mota da ke ƙarƙashin tebur. Na ce ai wuta wuta ce. Na jona. Rediyon ya yi magana sau ɗaya da ƙarfi, kamar mai sallama, sai hayaƙi ya fito ta ramukan lasifika.

Baba Lawali bai buge ni ba. Ya juya rediyon, ya kama yatsana ya ɗora a kan rubutun baya.

"Nawa aka rubuta nan?"

"Bolt tara, Baba."

"Batirin mota fa?"

"Sha biyu."

"To, kafin ka taɓa kowane inji, juya shi ka karanta bayansa. Abin da yake ci yana nan a rubuce."

A ranar ya zaunar da ni ya yi mini karatun wuta. Ya ce bolt shi ne ƙarfin turin wutar, amfar shi ne yawan wadda ke wucewa, in ka ninka wannan da wancan ka samu wat, wato ƙarfin aikin gaba ɗaya. Na yi ta kallonsa. Da ya ga ba ta shiga ba, sai ya ce, "Kai ɗan Damargu ne, ka san rijiyoyinku masu zurfi. Ƙaramin guga wa ke jan sa?"

"Jaki."

"Babban wasaki fa?"

"Sai raƙumi, Baba, ko bijimi."

"In ka ɗaura wa jaki wasaki?"

"Zai ja, ya ja, ya durƙusa."

"Tashi ka dafa mana shayi. Ka gama karatun wat."

Shekara bakwai na yi a wurinsa, na dawo gida na buɗe wannan shagon. Rediyo ya ja baya, kaset ya zo ya wuce, salula ta shigo, daga baya kwamfutar hannu, wadda ma'aikata ke ce wa ordinatar. Kayan aikina kuwa ba su canja sosai ba, ga su kuna gani: mita mai auna wuta, ƙarfen dalma biyu, ɗaya na kuran, ɗaya na garwashi saboda irin ranar yau, turnabis iri-iri, tsohon burushin haƙori, famfon keke na hura ƙura, da gilashin ƙara girma da Baba Lawali ya ba ni ranar da ya sallame ni.

Cikin kwamfutocin farko da aka kawo mini akwai ta wani direktan lekol, wato shugaban makarantar boko. Ɓera ya cinye masa wayar sharja, abin da mutanen kudu ke kira caja. Na juya kwamfutar na karanta: bolt sha tara, wat arba'in da biyar. A shago ina da wata sharja mai wat casa'in, bolt ɗinsu ɗaya, bakinsu ɗaya. Ina ɗauko ta ya riƙe mini hannu.

"Malam Isufu, kashe mini ita za ka yi? Wannan ai ta ninka tawa!"

Na ce, "Musye, in an ajiye maka babban kwano na tuwo, dole sai ka cinye? Iya cikinka za ka ci, ka tashi. Haka kwamfuta take. Bolt ne in ya wuce yake ƙonawa. Wat kuwa in ya yi yawa babu laifi, sai in ya gaza ne ake shan wahala."

Ya yarda da ƙyar, yana addu'a ƙasa-ƙasa har na jona. Shekara biyar ya yi da sharjar nan, har aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da ita.

Abu biyu mutane ke cakuɗawa: girman batir da ƙarfin sharja. Batir randa ce, sharja ita ce mai zuba ruwa. A garin da kuran ba ya yankewa kana iya zama da ƙaramar randa da ƙaramin mai zubawa, ba za ka ji komai ba. Amma a nan, kuran ya zo ya tafi babu sallama. In ya ba ka awa ɗaya, mai ƙaramar sharja bai kai rabi ba an ɗauke. Mai babba, in kwamfutarsa tana karɓa, ya kusa cikawa ya tafi harkarsa. Sannan akwai manyan kwamfutoci masu aiki mai nauyi, waɗanda in ka ba su ƙaramar sharja za ka ga waya a jone amma batir na ta sauka, don abin da take ci ya fi abin da ake ba ta.

Irin wannan ce da Habu mai bidiyo, wanda ke ɗaukar bukukuwa da sunaye daga nan har Belbeji. Kun san shi, mai jar hula, mai dariya kamar ana kakkaɓe tabarma. Kwamfutarsa in tana haɗa hoto wat ɗari da tamanin take ci. Sharjarta kamar bulo take, da ita za ka iya fasa goro. Ni da shi tare muka taso, unguwa ɗaya, kuma duk abin da ya shafi wuta wurina yake kawowa.

Yanzu ga muguwar shekarar. Lokacin sanyi wani ɗan kasuwa da ban sani ba ya sauka a tasha da kwalaye. Ya buɗe mini ɗaya: sharjoji sababbi fil, manya da ƙanana, rubutu mai kyau a baya, farashi kuma mai sauƙi har da ban mamaki. A lokacin gwajina biyu ne. In ɗauki sharja in ji nauyinta a hannu, don ta gaskiya tana da nauyi. Sannan in sa mita in ga bolt. Na ɗauka, nauyi ya yi. Na sa mita, bolt sha tara da rabi daidai. Na karɓi kwali guda. Kowace kuma na manna mata ƴar takarda mai sunan shagona da lambata, don ina alfahari da kayana.

Da sanyi babu wanda ya yi kuka. Zafi na shigowa aka fara dawowa. Sakataren meri, wato ofishin magajin gari, ya ce tasa tana zafi har ba ta taɓuwa. Wata malama ta ce tata tana ɗaukewa tana dawowa. Na ce kuran ne ba shi da kyau, na sallame su. Cikin kwalin akwai manya guda biyu masu rubutun wat ɗari da tamanin. Ɗaya Habu ya ɗauka, don ya riƙa tafiya da ita ƙauye ya bar ta asali a gida. Ɗayar kuma wata baƙuwa ta saya ranar wata Asabar.

Sunanta Madam Zuwaira, injiniya ce daga Damagaram, aikinta gano inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa kafin masu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, su sa injinsu. Ta tsaya da mota fara mai ƙura, ta shigo da sauri, ta ce injin wutar masaukinta ya ƙona mata sharja, kuma daji za ta shiga, wajen kwarin Tarka. Na karanta bayan kwamfutarta, iri ɗaya da ta Habu. Na miƙa mata ta kwalin, na jona, fitila ta kama.

Ta ce, "Malam, ka tabbata? Inda za ni babu shago."

Na ce, "Madam, ki tafi da kwanciyar hankali. Sunana ne a jikinta."

Ranar Litinin Habu ya shigo bai yi sallama ba. Ya dire sharja a kan tebur. Gefenta ya narke ya lotsa.

"Isufu, a Tenhya, gaban dangin ango da na amarya. An taru za a ga hoton biki, na fara haɗawa, sai wari. Kwamfuta ta mutu a tsakiyar aiki. Wani tsoho har tambayata ya yi ko aron ta na yi."

Na ce bari in duba. Na sa turnabis na ɓare ta yana tsaye. Ciki ƴan kayan wuta ne kamar na sharjar ƙaramin rediyo, sai wani guntun ƙarfe mai tsatsa da aka manne da gam, shi ke ba da nauyin. In ta yi ƙoƙari ta ba da wat sittin. Mita ba ta yi mini ƙarya ba, bolt yana nan daidai. Amma mita ba ta ɗora wa sharja kaya, jakin yana tsaye ne babu igiya.

Habu ya kalli ƙarfen, ya kalle ni, ya ce, "Ashe kai ma ɗan kasuwa ne." Ya fita. Kafin la'asar labari ya zagaya tasha da kasuwa. Na ɓare sauran da suka rage a kwali, duk haka suke. Na bi gidaje da ofisoshi ina karɓo waɗanda na sayar. Ɗaya ce ban san inda zan same ta ba, don ban karɓi lambar Madam ba.

Ranar Laraba, ina fitowa daga masallaci bayan sallar asuba, salula ta yi ƙara. Murya na zuwa tana yankewa, iska na kaɗawa a ciki.

"Malam Isufu ne? Zuwaira ce. A kan tudun rairayi nake tsaye, nan ne kawai ake samun rezon waya. Ka saurare ni da kyau, kada ka katse ni."

Ta yi mini bayani. Kwana uku ta yi tana shimfiɗa wayoyi a ƙasa tana aune-aune a wani ƙauye arewa da Belbeji. Duk abin da ta auna yana cikin kwamfuta, amma sai kwamfutar ta yi lissafi na kamar awa biyu da dukkan ƙarfinta kafin ta fitar da hoton ƙarƙashin ƙasa. Da ta fara, sharjar da na sayar mata ta yi zafi ta ɗauke, batir ya riƙe minti arba'in ya mutu, lissafi ya koma farko. Sau huɗu ke nan. Injin haƙa ya iso tun jiya. Shugaban masu haƙa ya ce in la'asar ta yi ba a kafa masa turke a inda zai haƙa ba, zai naɗe ya wuce wani gari, kuma ba zai dawo ba sai bayan damina, in ma an sake ba ƙauyen layi.

"Matan garin nan da jakuna suke fita tun asuba, sai azahar su dawo da ruwa. Wurare uku nake zato. In na yi caca na nuna wanda babu ruwa, sun rasa rabonsu. Kai ka ce sunanka ne a jikinta."

Na ce, "Madam, laifina ne, sharjar ta jabu ce. Kada ki ƙara jona ta. Ki rufe kwamfutar ki sa ta a inuwa. Da me kike ba ta wuta?"

"Da ƙaramin akwatin da ake sokawa a wurin kunna sigari na mota."

"To, ina zuwa."

Na faɗi haka ban san da me zan zo ba. A duk Tanut sharjar gaskiya mai wat ɗari da tamanin guda ɗaya na sani, kuma mai ita ba ya amsa gaisuwata. Na tafi gidansa. Na tarar da shi a zaure yana shan koko.

"Habu, ina kwana."

"Lafiya." Bai ɗago ba.

"Aron sharjarka na zo."

Ya ajiye ludayi. "Kai, Isufu! Wallahi kana da ƙarfin hali."

Na zauna ba a ce in zauna ba, na ba shi labari daga farko. Ya ɗauki ludayi ya juya kokon. Sai ya ce, "Ba zan ba ka ba. Hannunka ba ya taɓa sharjata."

Na miƙe.

"Zauna mana, ban gama ba. Ni zan riƙe ta. Kai ka tuƙa. Kuma man babur naka ne."

Na koma shago da gudu na ɗauko babban akwatina mai mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, mai wat ɗari shida, da wayoyinsa masu kauri masu baki kamar na kada, da famfon keke da burushi. Don na san ramin sigari na mota ba ya ɗaukar abin da kwamfutar nan ke nema. Ko da sharjar gaskiya, fis ɗin motar zai tsinke a minti ɗaya. Na ɗaure kaya a bayan babur ɗin Habu, shi kuma ya naɗe sharjarsa cikin rawani ya rungume ta a ƙirji kamar jariri.

Wanda bai bi hanyar Belbeji da babur a tsakiyar zafi ba, kada ya ce ya san rairayi. Sau biyu muna sauka muna turawa. Sau ɗaya kuma ƙafar gaba ta nutse muka zube gaba ɗaya. Na ɗago kai ina tofar da ƙasa, sai na ga Habu kwance rigingine, ƙafa ɗaya a ƙarƙashin babur, hannu biyu a sama, sharja ba ta taɓa ƙasa ba.

"Ka ji ciwo?"

"Ni ka bar tawa. Ita dai lafiyarta ƙalau."

A Belbeji muka sha ruwa muka ƙara mai, wani makiyayi ya nuna mana hanya da sandarsa. Ana kiran azahar muka hango dogon ƙarfen injin haƙa ya fi itatuwa tsawo.

Duk garin yana ƙarƙashin wata babbar aduwa: maigari a kan tabarma da malfa, dattawa kewaye da shi, mata a can gefe da jarkoki babu komai a ciki. Masu haƙa kuwa har sun fara ɗaure igiyoyinsu. Madam Zuwaira ba ta ɓata lokaci da gaisuwa ba. Ta miƙo mini sharjar kwalin tana riƙe da ita da yatsa biyu, ta ce, "Karɓi kayanka." Na karɓa na sa a aljihu.

Na gai da maigari. "Ranka ya daɗe, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Kai ne mai wutar?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To, Allah ya ba ka sa'a. Mu dai ga mu."

Na sa direban Madam ya kawo motarta gindin itacen, ya buɗe gaba, ya bar inji yana aiki. Na maƙala wayoyi kai tsaye a kan batirin mota, ja a nasa, baƙi a nasa. Kafin in kunna na juya kwamfutar, na ga ramukan iskarta sun toshe da ƙura kamar an yaɓe su. Kwamfuta in ta yi zafi da kanta take rage gudu, aikin awa biyu ya koma uku, mu kuwa ba mu da ukun. Na sa burushi, na bi da famfon keke, ƙura ta tashi har Madam ta yi atishawa. Na ɗora kwamfutar a kan duwatsu biyu don iska ta bi ta ƙasa. Sannan Habu ya kwance rawani, ya jona sharjarsa da hannunsa, ya harare ni.

Fitila ta kama. Madam ta danna abin da za ta danna. Fankar ciki ta ɗauki kuka kamar injin niƙa. Dukanmu uku muka zuba wa ɗan hoton batir ido a kusurwa. Kashi takwas. Minti biyar, kashi takwas. Minti goma, tara.

"Yana hawa," in ji ta. "Tana aiki kuma yana hawa."

Shugaban masu haƙa ya zo ya tsaya a kanmu, wani ƙato mai gajeren haƙuri. Ya kalli rana, ya kalli agogo. "Madam, la'asar na ce."

"Na ji, shef."

Bayan awa ɗaya inuwa ta gusa, iska mai zafi ta taso. Na taɓa gefen kwamfutar na ji ta yi zafi fiye da yadda nake so. Na ce a ba ni faifai ko wani abin fifita. Kafin a motsa maigari ya taso daga tabarma, ya cire malfarsa, ya durƙusa ya fara yi wa kwamfuta fifita. Dattawa suka ce, "A'a, ranka ya daɗe, kawo mu karɓa!" Ya ce, "Ku bar ni. Baƙuwata ce." Habu ya kasa daurewa, ya zaro kyamara.

Liman na gyara murya zai kira la'asar, fanka ta yi shiru. Hoto ya fito, launi-launi, ja da rawaya, da wani shuɗi mai faɗi can ƙasa a gefe guda. Madam ta daɗe tana kallo, ta duba takardunta, ta sake kallo. Sai ta ɗauki turke da guduma ta kama tafiya, gari duka na bin ta. Ta wuce wurin farko da take zato, ta wuce na biyu. Na ukun yana gabas, ita kuwa yamma ta yi, har bayan wani tsohon garken shanu da babu wanda ya kawo a ransa. Nan ta tsaya ta kafa.

Shef ya ce, "Nan?"

"Nan."

Ya sake kallon rana, ya yi tsaki, ya juya ya daka wa mutanensa tsawa su kwance igiyoyi.

Da muka zo tafiya Madam ta rako mu wurin babur. Ta gode wa Habu sosai. Ni kuwa ta ce, "Malam Isufu, cikin ukun da nake zato babu ɗaya da ya dace. Da ba ku zo ba, da na nuna na gabas. Yanzu ma ban ce akwai ruwa ba, sai an haƙa. Amma gobe in wani ya tambaye ka ko ka tabbata, ka tabbata ɗin tukuna."

Na ce, "Na ji, Madam."

Muka kwana a Belbeji, washegari muka iso gida. Haƙa a ƙasarmu ba aikin kwana ɗaya ba ne, kuma can babu rezo, don haka babu wanda ya kira. Shago ya zama fayau. Mutane na wucewa su gaishe ni daga nesa, kayansu kuwa su kai wa wani. Habu kaɗai ya dawo zama, yana nuna wa duk wanda ya tsaya hoton maigari yana fifita.

Cikin kwanakin nan na haɗa katakon da kuke gani a bango, wanda kuke cewa ado ne. Ƙwayayen fitilar babbar mota ne guda huɗu, kowanne da maɓallinsa. Duk sharjar da za ta fita daga shagon nan sai ta hau kansa. In kunna ƙwai ɗaya, in duba mita. In ƙara na biyu, na uku, gwargwadon abin da aka rubuta a bayanta, in bar ta rabin awa. Ta gaskiya tana riƙewa, ta ɗan yi ɗumi. Ta jabu tun a na biyu take durƙusawa. A gaban mai saye nake yi, ya gani da idonsa. Da haka mutane suka dawo, ɗaya bayan ɗaya, amma sai da aka kusa shekara.

Sati uku da tafiyarmu, ranar kasuwa, wata motar Belbeji ta tsaya a ƙofar shago. Direban ya sauko da jarka rawaya, an ɗaure bakinta da leda da tsumma.

"Wane ne Isufu mai wuta?"

"Ni ne."

"Wani maigari ya tare ni a hanya ya ce in kawo maka. Ya ce rabi naka, rabi na mai jar hula."

Habu ya ce nono ne. Ni na ce man shanu ne ya narke. Muka kwance tsumma, na karkata jarkar a kan kofin shayi.

Ruwa ne. Da ɗan gurɓi-gurɓi, irin na sabon rami, yana ƙamshin ƙasa.

Habu ya karɓi kofin ya shanye, ya goge baki, ya miƙo mini.

"Zuba kuma," ya ce. "Wancan cikin rabonka na sha."